Wuta Ɗaya, Buƙatu Da Yawa: Wa Za A Fara Ba Wa?

Labarin kaka da kakanni ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dutsen Dala, suna neman tama. Wutar maƙeri ba ta tsaya ga maƙera kaɗai ba: daga cikinta fartanyar manomi ta fito, da wuƙar mahauci, da allurar baduku. Na tuna da wannan ne domin wata sabuwar wuta tana shigowa ƙauyukan Gaya da Ajingi, wato lantarkin hasken rana, kuma ta zo da tambayar da ta shafi lamirinmu.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, manomin rani a fadama ya san abin da injin ban ruwa ke ci kafin tumatir ya nuna. A watan Oktoba 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ba abin mamaki ba ne da mutane suka juya ga rana. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, kuma akwai ƙa'idojin da suka yarda a kafa ƙaramar tashar sola mai hidima ga ƙauye ɗaya ko biyu.

Sai dai irin wannan tasha tana da wani rauni. Rana tana bayar da ƙarfinta daga hantsi zuwa la'asar, mu kuwa da dare muke son fitila. Dole a tara wutar a batir, shi kuwa batir yana cikin kayan da suka fi tsada, kuma yana mutuwa bayan 'yan shekaru. Tashar da ba ta da aiki sai kunna ƙwan fitila da cajin waya, da wuya kuɗin da take tarawa ya saye mata sabon batir. Saboda haka masana suka ce a haɗa ayyuka wuri guda: da tsakar rana wutar ta juya injin niƙa da na casar shinkafa, ta ɗaga ruwa zuwa tanki, ta daskarar da ƙanƙara, ta yi sanyi ga alluran rigakafi a ƙaramin asibiti, har ta cika batirin babur mai ƙafa uku. Ruwan da aka tara a tanki da rana, ana iya shansa da dare ba tare da batir ba. Wannan dabara ce mai kyau, ba ni da ja a kanta.

Damuwata tana ga ranar da wuta ba ta isa kowa ba. Idan ƙurar hunturu ta rufe sama, ko hadari ya yini a watan Agusta, wa za a yanke wa? Mai injin niƙa zai ce shi ne ke biyan kaso mafi tsoka, in ba shi ba tashar ta rufe. Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya raina wannan hujja bai taɓa riƙe asusun jama'a ba. Amma ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya ba ta da abin biya kamar nasa, buƙatarta kuwa ta fi tasa nauyi. In aka bar kuɗi kaɗai ya yanke hukunci, kullum ita za ta kwana a duhu, ba don wani ya ƙi ta ba, sai don ba ta nan lokacin da aka yi lissafi.

Akwai kuma maganar ruwa, wadda ba a cika faɗa ba. Tsadar mai ita ce ke hana manomi barin injinsa yana zuba ruwa yini guda. Famfon sola ba ya neman ko kwabo bayan an saye shi, don haka mai hali yana iya jan ruwa ba iyaka, rijiyar maƙwabcinsa ta yi ƙasa har guga ya daina kaiwa. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa ta 2015 game da kula da duniya, ya ɗauki samun ruwan sha mai tsabta a matsayin haƙƙin kowane mutum.

Ra'ayina shi ne a yi zaman shawara kafin a kafa turken farko. A zauna gaban dagaci da masu unguwa, Musulmi da Kirista, a kira mai inji domin da shi tashar za ta rayu, a kira matan da ke kai niƙa da masu ɗebo ruwa, ba a aika musu da saƙo bayan an gama ba. A rubuta a takarda cewa asibiti da famfon ruwan sha su ne na ƙarshe da za a yanke wa wuta, cewa manyan injuna za su yi aiki da rana a farashi mai sauƙi, da awoyin da famfon gona zai riƙa ja a watan Maris da Afrilu. A kuma faɗi sunan wanda zai riƙe kuɗin sabon batir, da ranar da zai karanta lissafinsa a bainar jama'a.