Jirgi Ɗaya Mu Ke Ciki

Karatu: Ayyukan Manzanni, sura 27 da farkon sura 28.

Mu mazauna Chikaji da Samaru da Sabon Gari ba mu san teku ba, amma mun san hadari. Da farkon damina ya kan haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa, ta yaye kwanon ɗaki. In Agusta ya yi, Kubanni ya kan cika, katangar ƙasa kuma ta sha ruwa har ta zube da tsakar dare. Manyanmu suna tune da Agusta na 1988, sa'ad da madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe a ƙasar Kano, dubban mutane suka rasa wurin kwana. To, a irin wannan dare, mene ne aikin mai bi?

Bari mu dubi waɗansu mutane da hadarinsu ya fi namu tsanani. A Alaska, ƙasar sanyi can ƙuryar arewacin Amurka, akwai ƙauyuka a bakin teku waɗanda ba hanyar mota zuwa cikinsu, sai jirgin sama ko na ruwa. Cikin Satumba na 2022 wata babbar guguwa da a ke kira Merbok ta auka musu, teku ya hau tudu. A ƙauyen Golovin ruwa ya ɗaga gidaje daga harsashinsu. Jiragen su da wuraren shanya kifi suka lalace, ga kuwa lokacin sanyi yana tafe. Ba gari kusa da za su gudu. A Hooper Bay mutane suka taru a makaranta, yaro da babba, suka kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Inda taimako ya ke da nisa, maƙwabci shi ne taimako na fari.

Haka ya faru da Manzo Bulus sa'ad da a ke kai shi Roma a ɗaure. Har dare na goma sha huɗu iska tana kora jirginsu. Su 276 ne a ciki: sojoji, da matuƙa, da 'yan sarƙa. Da matuƙan suka ga tudu ya yi kusa, sai suka saukar da ƙaramin jirgi a asirce, domin su tsere su bar sauran. Bulus ya faɗakar da jarumin, sojoji kuwa suka yanke igiyoyin. Sa'an nan ya ɗauki gurasa, ya gode wa Allah a gaban kowa, ya ci, dukansu kuma suka yi ƙarfin hali suka ci. Jirgin ya farfashe, amma ko mutum ɗaya bai halaka ba.

Ku lura, Allah ya riga ya yi alkawarin tsirar da su. Duk da haka bai yarda masu gwaninta su tsere su kaɗai ba. Mutanen Malita kuma, waɗanda suka hura musu wuta cikin ruwa da ɗari, ba masu bi ba ne. Kada su fi mu alheri.

Ɗan'uwa, ina ƙaramin jirginka? Wataƙila shi ne ɗakinka na siminti, wanda ka kan kulle in iska ta taso, alhali gwauruwa tana bayan katangarka da marayu, ruwa yana zubo musu.

Saboda haka kada mu jira hadari. Tun da bazara dattawan ekklesiya su zaga gidajen gwauraye da tsofaffi su duba rufi. Samari su zo da ƙusa da guduma, su yashe kwata kuma. Mata su tanadi tabarmi da ɗan hatsi. A shirya wanda zai riƙe mabuɗin majami'a, domin a buɗe ta ko da tsakar dare ne. Wanda ya ƙwanƙwasa kuwa, kada a tambaye shi addininsa ko kabilarsa. Gama iska ba ta tambaya.

Ubangiji Yesu bai tsaya a tudu yana kallonmu ba, ya shigo jirginmu, ya ba da ransa dominmu. Allah ya ba mu irin wannan zuciya kafin daminar bana. Amin.