Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma shin gani yana korar yi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna, kuma zan kafa hujja da wasan nan na tebur da sanda wanda Amurkawa ke kira pool, mu kuwa mukan haɗa shi da ɗan'uwansa mu ce musu sunuka.

A yau intanet cike yake da bidiyo na koyar da saiti a wannan wasa. Dabarar da aka fi koyarwa ita ce ta "fatalwar ƙwallo". Watau mai wasa ya ƙaddara a ransa cewa akwai wata ƙwallo manne da wadda yake son jefawa, a bayanta, daidai kan layin da ya nufi rami, sa'an nan ya aika farar ƙwallo ta maye gurbin fatalwar. Wata dabarar kuma ta ce in ka saita tsakiyar farar ƙwallo a gefen ɗayar, to, za ta kauce da digiri 30. Bidiyo yana zana layukan, yana rage gudun hoto, yana maimaitawa, har mai kallo ya ce a ransa, "Ai na iya!"

A nan gizo ke saƙa. Ita kanta ƙa'idar ba ta cika cif ba, domin in ƙwallaye biyu suka haɗu sukan gogi juna, gugar nan kuwa takan ja ƙwallon ta bauɗe da 'yan digiri kaɗan. Yawan bauɗewar ya danganta da ƙarfin bugu, da juyin farar ƙwallo, da dattin da ke jikinsu. Tun 1835 masanin Faransa Coriolis ya wallafa littafi a kan lissafin wannan wasa, amma lissafi bai taɓa riƙe wa kowa sanda ba. Shi kuwa Efren Reyes na Filifin, wanda ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara a 1999, a gidan wasan kawunsa a Manila ya tashi tun yana ƙaramin yaro, yana bugawa yana kuskurewa har hannu ya faɗa.

Masanin falsafa Gilbert Ryle ya bambance iri biyu na sani a 1949: sanin cewa abu kaza haka yake, da sanin yadda ake yin sa. Na farko ana iya zuba shi a faifai a aika ko'ina. Na biyu kuwa sai mutum ya biya kuɗinsa da kansa, kuɗin kuwa shi ne kuskure.

Kada mai karatu ya zaci ina kushe bidiyo. Lalle ya buɗe ƙofar da a da take rufe, domin abin da gwanaye ke ɓoyewa yanzu kowa na iya gani. Abin da nake cewa shi ne akwai haƙƙi a kan kowane ɓangare. Mai koyarwa da ya yanke duk bugun da ya kuskure, ya bar na nasara kaɗai, ya ce yana da wani sirri da ba ya saɓa saiti, ya ci amanar almajirinsa, ko da kowane hoto da ya nuna gaskiya ne. Malamin kirki shi ne mai nuna inda ƙa'idarsa ta ƙare. Shi kuma almajiri, haƙƙinsa kada ya ɗauki jin daɗin fahimta a matsayin iyawa.

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana ta wuce teburin wasa. Wanda ya haddace ma'aunin waƙa bai zama mawaƙi ba, haka nan wanda ya kalli tiyata sau ɗari ba a miƙa masa wuƙa. Mu kalla, mu gode wa wanda ya nuna mana Dala, sa'an nan mu ɗaura takalmi, domin akwai sauran tafiya kafin ƙofar gari.