Rijiya Ba Koto Ba Ce

Karatu: Luka 17:11-19, Farawa 26:17-31

In ka taɓa tsayawa a Kwanar Dangora kana jiran motar Tudun Wada ko Doguwa, ka ga matan Fulani da ƙorai a ka suna tallar fura da nono. Wataƙila ka saya ka sha, har ka nemi gyara. Amma ka taɓa tambayar ɗayarsu inda suke ɗiban ruwa a watan Maris, sa'ad da rafuka suka ƙafe?

Na taɓa zama a wani taron kwamitin bishara inda aka kawo shawarar ikkilisiya ta haƙa rijiyar burtsatse kusa da wata ruga. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Fasto, in muka zuba kuɗin nan, mutum nawa ne za su karɓi Yesu?" Ba wanda ya ga laifinsa. Rufin majami'ar yana yoyo, akwai gwauraye da marayu, kuɗin kuma baikon manoma ne da suka auna masara da kwano suka kawo. Wani ma a ɗakin, shanu sun shiga gonarsa da daminar da ta wuce, ba a biya shi ko sisi ba. Shi bai ce komai ba, amma kowa ya san abin da ke ransa.

Tambayar dattijon nan taka ce, tawa ce kuma. In aka haƙa rijiya, aka yi shekara goma ana sha, ba ko mutum ɗaya daga rugar da ya zo baftisma, an yi asara ke nan?

Dubi abin da Ubangijinmu ya yi a kan hanyarsa ta zuwa Urushalima. Kutare goma suka roƙe shi, ya tsarkake su duka goman. Ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambayi inda sauran tara suke, ya kuwa san zukatansu tun kafin ya warkar da su. Amma bai aika a mayar musu da kuturtarsu ba. Sun tafi da lafiyarsu, sun koma cikin iyalinsu. In da kwamitinmu ne ya yi lissafin wannan rana, da ya rubuta riba ɗaya, asara tara.

Masunci a Tiga yakan sa tana a ƙugiya, ba domin yana tausayin yunwar kifi ba. Ranar da muka haƙa rijiya da niyyar a biya mu da tuba, ruwan ya zama koto, mu kuma mun zama masu ciniki. Kada ka ɗauka mutanen ruga ba za su gane ba. Musulmi ne tun kaka da kakanni, sun san haƙa rijiya sadaka ce mai gudana, sun kuma san bambancin sadaka da tarko. Ardon da ya yi shekara arba'in yana ciniki da dillalan shanu ba zai kasa karanta fuskar mai wa'azi ba. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai. Mu da muke wa'azi a kan wannan kullum, yaya za mu juya mu ce za mu sayi ran mutum da famfon tuƙa-tuƙa?

Wannan zargi ba sabo ba ne a ƙasar Kano. A zamanin Turawa, gwamnati ta takura wa 'yan mishan yin wa'azi a garuruwan sarakunan Musulunci. A shekarun 1930 aka ba mishan ta SIM kula da zangon kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido a Sabon Garin Kano, wanda ECWA ke riƙe da shi har yau. Tun a wancan lokaci akwai masu cewa magani dabara ce kawai ta raba mutane da addininsu. Abin da ya sa har gobe Musulmi yake kai tsohuwarsa asibitin nan ba tare da fargaba ba shi ne, an ga dubban mutane sun shiga ba sa gani, sun fito suna gani, sun koma gida da addininsu, ba wanda ya bi su da bashi.

To, kada ka ji haka ka ce sai mu yi shiru da sunan Yesu. Wannan ma rashin gaskiya ne. Wanda ya je ruga ya ɓoye cewa daga ikkilisiya yake, yana jiran a saba da shi kafin ya fito da Littafi Mai Tsarki daga jaka, shi ma ƙugiya ya ɓoye. Tun ranar farko ka gaya wa ardo: mu masu bin Almasihu ne, saboda shi muka zo, ruwan nan kuwa naku ne ko kun saurare mu ko ba ku saurare mu ba. In ya tambaye ka dalilin begenka, ka faɗa masa a fili. In ɗansa ba shi da lafiya ya yarda a yi addu'a, ka ɗora hannu ka yi cikin sunan Yesu. In ya ce a'a, ka kai yaron asibiti, gobe kuma ka komo ka duba shi. Haifuwa ta biyu aikin Ruhu ne. Ba ka da iko a kanta, kwamiti ma ba shi da shi.

Akwai kuma abin da ba mu cika tunani a kai ba sa'ad da muke ƙirga masu tuba. Bafulatanin da ya ce zai bi Yesu yana iya rasa garkensa, da matarsa, da wurin zamansa a cikin dangi. Shanun nan su ne gadonsa da sadakinsa da asusunsa. Kai da kake matsa masa ya ɗaga hannu a taron farkawa, ka shirya ba shi ɗaki a gidanka? Za ka ba shi 'yarka aure? In amsarka ba ta fito da sauri ba, ka rage gaggawar ƙirga.

Sai kuma shi taimakon kansa. Sau da yawa abin da muke kira ci gaba shi ne mu mai da mutum irinmu: ya bar yawo, ya gina ɗakin kwano, ya riƙe fartanya. Fulanin yankinmu da yawa suna da mazauni, tsofaffi da mata da yara suna nan, har suna ɗan noma, samari ne suke tafiya da shanu in rani ya yi. Ba son wahala ke tafiyar da su ba, ciyawa da ruwa suke bi. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, gwamnatin Kano kuma ta ware dajin Dansoshiya a Ƙaramar Hukumar Kiru domin zaunar da su, amma je ka zauna a kan tabarma a ruga ka ji abin da ke hana su barci. Wani zai ce maka ciwon huhu da sammore, da maganin jabu da ake sayar musu a kasuwa. Wani zai ce ɓarayin shanu, domin ta'asar da aka yi a dajin Falgore ba manoma kaɗai ta taɓa ba, akwai makiyayan da suka kwana da garke suka tashi da sanda. Wani kuwa zai nuna maka burtalin da kakansa ya bi, yanzu an shuka masara a kai. Ka duba da kyau, mai gonar yana iya zama ɗan ikkilisiyarmu, mai zama a layin gaba ranar Lahadi. In haka ne, aikin bishararmu na farko a rugar nan ba ya bukatar ko kwabo, buɗe hanyar shanu ne.

Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda aka yi wa ɓarna. Ba na ce ka yafe diyyar gonarka ba. Ka kai ƙara wurin mai gari, a auna, a biya ka, haƙƙinka ne. Amma karanta Farawa 26 a hankali ka ga wane ne baƙo mai garke a labarin. Ishaku ne, kakanmu cikin bangaskiya. Bayinsa suka haƙa rijiya, makiyayan Gerar suka ce tasu ce, ya bar musu. Suka haƙa ta biyu, aka sāke rikici, ya matsa gaba. Rijiya biyu ya bari a hannun mutanen da ba su gode masa ba, suna sha, dabbobinsu suna sha. Sai daga baya Abimelek ya taso da kansa neman sulhu, Ishaku kuwa ya yi musu abinci suka ci.

Mu 'yan Fentikos muna son Ayyukan Manzanni sura 2, muna kuwa da dalili. Amma abin da ya ba taron mamaki a ranar nan shi ne kowa ya ji ana magana da harshen garinsu. Mun yi shekaru muna addu'a da waɗansu harsuna, da yawanmu kuwa ba mu iya ko gaisuwar safe da Fulatanci ba, alhali ruga tana bayan gonarmu.

Ranar kasuwa mai zuwa, in ka tsaya sayen nono, ce mata "A waali jam?" Za ta yi dariya, wataƙila ta gyara maka lafazi. Ka biya ta kuɗinta cif, kada ka nemi gyara. Sa'an nan ka tambaye ta inda suke shan ruwa da rani, da tsawon tafiyar da take yi kafin ta kai wurin.