Tuwon Gero Ba Abin Kunya Ba Ne

A Zongon Sokode da na Dapaong, cikin ƙasar Togo, mai gida in ya sami ɗan hali yakan sauya abincin gidansa tun kafin ya sauya rigarsa. Tuwon gero da wake sukan ja da baya, shinkafar buhu wadda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome ta hau murhu, ga naman sa kowace rana. To, akwai alhaki cikin abin da mutum ya saya da guminsa?

Masana sun nuna cewa kowane abinci yana da nasa rabo cikin ɗumamar duniya. Saniya tana gyatsar wata iska mai suna mitan, wadda takan riƙe zafi a sararin sama. Fadamar shinkafa mai kwantaccen ruwa ita ma tana fitar da ita. A 2013 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi yana kawo kashi 14.5 cikin ɗari na dukkan iskar da take ɗumama duniya wadda ayyukan mutane suke fitarwa. Wake kuwa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, gero yana haƙuri da ƙarancin ruwa.

Wani zai ce, me ya haɗa talaka da wannan? Yana da gaskiya. Manomin Dapaong, wanda ba ya ganin nama sai ranar biki, ba shi ne ya ɗumama duniya ba, ba kuwa Bafillace mai bin garkensa ba. Babban nauyin yana wuyan ƙasashe masu arziki. Amma manomin nan damina ɗaya gare shi a shekara, in ta makara rumbunsa ne zai zama wofi. Domin wannan, alhaki yana kan wanda yake da ikon zaɓe, gwargwadon ikonsa.

Akwai kuma wutar da take ƙarƙashin tukunya. Kowane buhun gawayi da yake bakin hanyar Sokode itace ne jiya. Tun 1977 Togo take dashen itatuwa ran 1 ga Yuni, amma dashe ba ya cim ma sara. Macen da ta jiƙa wake tun dare, ta sa kanwa, ta rufe tukunya, ta rage gawayi, ta kuma rage sara.

Ba a ce mai hali ya haramta wa kansa nama ba, sai dai ya ci da awo. Babbar hasara ita ce yaro ya tashi yana jin kunyar tuwon da ya raya kakanninsa, gama uban da ya koya masa wannan kunya ya cuce shi, ya cuci gonar maƙwabcinsa kuma.