Wanda ba a yi wa sallah ba



Makon jiya na je ƙauyenmu ta'aziyya. Muna zaune a zaure sai wani dattijo ya ambaci ƙanen kakana, wanda aka ɗauka soja zamanin Turawa. Wani matashi ya ce, "Malam, ai yaƙin Nasara ya je yi. Ya halatta a yi masa addu'a kuwa?" Tambayar nan ta tsaya min a rai.

Manomi ne. An ce dagaci ya ba da samari, sunansa ya faɗo ciki. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, a 1944 suka shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama. Can sojojin Japan suka kama shi tare da wani ɗan garinmu. Shi abokin ya kuɓuta, ya dawo gida a 1946, kuma daga bakinsa aka ji sauran labarin: yunwa da zazzaɓi da atini suka kwantar da shi, yana taimama da ƙasar da yake kwance a kai, yana sallah da ishara, har rai ya yi halinsa. Ba wanka, ba likkafani, ba sahu.

Matarsa ta zauna shekara biyu ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. A mazhabar Malikiyya, matar fursuna tana nan da aurenta muddin ana ciyar da ita, har a tabbatar da mutuwarsa ko ya kai shekarun da ba a zaton yana raye. Sai da abokin ya ba da shaida ta fara ƙirga wata huɗu da kwana goma.

To, ga amsata ga ƙanena. Ban ce shahidi ne ba, wannan sanin na Allah ne. Amma musulmi ne da ya mutu yana sallah, kuma haƙƙinsa a kanmu bai faɗi ba don ya sa kakin Ingila. Lokacin da Najjashi ya rasu a Habasha a shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya tara sahabbai a Madina ya yi masa sallah. Malikiyya sun ce wannan ya keɓanta da Annabi. Ibn Taimiyya ya ce ana yi wa duk wanda ya mutu inda babu mai sallatarsa. A addu'a da sadaka kuwa babu wannan saɓanin.

Ku tuna fursunonin Badar. Mushrikai ne, amma sahabbai suka riƙa ba su gurasa, su kuma su ci dabino. In fursunan abokan gaba ya samu abincinmu, ya za a hana namu fursunan addu'armu?

A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Najeriya. Wataƙila naku na ciki. Ku tambayi tsofaffinku sunansa tun suna raye, ku sa shi a addu'a, ku yi sadaka da niyyarsa ko da kwanon hatsi ne.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan duk wanda ya kwanta inda nasa ba su sani ba. Amin.