Tauraron da Ya Makara

Lambobin yaƙi iri biyu ne. Akwai ta bajinta, wadda ake ba mutum saboda abin da ya aikata shi kaɗai. Akwai kuma ta halarta, wadda sharaɗinta kawai a ce mutum yana wurin. Wasu na raina ta biyun, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi dacewa da mayaƙin ruwa. Sojan ƙasa yana iya ja da baya ko ya laɓe a rami. Na cikin jirgi ba shi da mafaka: kuku da mai kula da inji da kyaftin, ƙarfe guda ne ya raba su da teku. A nan halarta kanta jarumta ce.

Daga 1941 zuwa 1945 ayarin jiragen ruwa suka riƙa kai makamai da abinci daga Birtaniya da Iceland zuwa Murmansk da Arkhangelsk na Tarayyar Sobiyet, cikin sanyin da ke daskarar da feshin teku a jikin bindiga. A Yulin 1942 aka umarci ayarin PQ17 da ya watse. Cikin jiragen kaya 35, Jamusawa suka nutsar da 24. Amma sai a 2013 Birtaniya ta fara ba waɗannan mutane lambar kansu, wato Arctic Star. Hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce lambar Atlantic Star ta wadatar da su. Tsofaffin kuwa sun yi zargin cewa Yaƙin Cacar Baka ne ya sa taimakon Mosko ya zama abin kunyar ambato.

To, mene ne amfanin tagulla a ƙirjin ɗan shekara casa'in, bayan akasarin abokansa sun kwanta dama? Mai cewa babu yana da hujja, domin girmamawar da aka jinkirta har masu ita suka ƙare ta yi wa mai bayarwa arha. Duk da haka ban goyi bayansa ba. Lambar halarta shaida ce, ita kuwa shaidar da aka danne ba ta daina zama wajibi don ta tsufa. Abin da ya rage mini a rai shi ne yadda aka yi bikin kamar kyauta ake rabawa, alhali bashin shekara 68 ake biya, wani ma a hannun jikoki.