Wa Ya Fi Mugunta Cikin Mutanen Littafi?

Gabatarwa

A hutun da ya wuce muna zaune da la'asar a bakin ruwa a Yelwa, mu huɗu, dukanmu ɗalibai, muna kallon jiragen da ke komowa daga gungu, sai gardama ta ɓarke a tsakaninmu. Wani daga cikinmu ne ya jefo tambaya, wai a cikin dukan mutanen da muka karanta labarinsu a littattafan Hausa, da waɗanda kakanninmu suka ba mu a tatsuniya, wane ne ya fi kowa mugunta?

Na farko ya ce Dodo, domin shi mutane yake ci. Na biyu ya ce Wazirin Sarki Abdurrahman na cikin Magana Jari Ce. Na uku, da yake ma'abocin kallon fim ɗin Indiya ne, ya ce ai duk wasa muke yi, babu kamar Gabbar Singh, bos ɗin nan na Sholay wanda ya fito a 1975. Muka ce masa wannan ba Bahaushe ba ne, ya ce mugunta ba ta da ƙabila. Da aka zo kaina na ce Abubakar na cikin Jiki Magayi. Duk suka fashe da dariya, suka ce ai shi ne wanda aka cuta. Har aka kira magariba ba mu daidaita ba, kowa ya tashi da nasa.

Mai yiwuwa mai karatu ya ce wannan hirar marasa aikin yi ce, mutanen da ba a taɓa haifa ba ina ruwan wani da laifinsu? Amsa ita ce, mudun da muke auna mutanen littafi da shi, da shi muke auna maƙwabtanmu, da shi kuma muke auna kanmu. In mudun ya zama na algus a littafi, to, na algus ne a gida da kasuwa. Saboda haka a cikin wannan 'yar maƙala zan ɗauki ma'aunan da abokaina suka kawo ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in faɗi dalilin da ya sa har yanzu ina nan a kan bakata.

Ma'auni na farko: yawan ɓarna

Wanda ya zaɓi Dodo da wanda ya zaɓi Gabbar hanyarsu ɗaya ce, watau ƙirga gawa. A wurinsu wanda ya fi halaka rayuka shi ya fi mugunta. Wannan ma'auni yana da sauƙi, don kowa ya iya lissafi. Amma mu mutanen ƙasar Yawuri mun ga abin da ya isa ya nuna mana gurguntarsa.

A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da ke ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, mutane masu yawa suka rasu, hukuma kuwa ta ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Bayan mako uku, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka kwashe ɗalibai da malamai suka shiga daji da su, waɗansu daga cikin 'yan matan ma sai a 2023 suka ga iyayensu. In gawa za a ƙirga, ta jirgi ta fi ta makaranta nesa ba kusa ba. Duk da haka ban taɓa jin mai hankalin da ya ce wanda ya yi wa jirgi lodi ya fi wanda ya saci yara mugunta ba. Kwaɗayi da ganganci da rai laifi ne babba, ba mai musun wannan. Amma mai lodi so yake jirginsa ya kai gaci lafiya, shi kuwa mai satar yara kukan iyayensu shi ne jarinsa, in ba su yi kuka ba ba zai sami kuɗin fansa ba.

Malaman fiƙihu tun da daɗewa suka raba tsakanin kisan ganganci da kisan kuskure, ko da yake gawar duk iri ɗaya ce. Ashe ke nan yawan ɓarna yana gaya mana girman masifa, amma bai isa ya gaya mana abin da ke cikin zuciyar wanda ya jawo ta ba.

Ma'auni na biyu: niyya da zaɓi

In mun koma ga zuciya, to, Dodo ya fita daga gasar tun da wuri. Dodo cin mutane shi ne halittarsa, kamar yadda kada ke kama akuya a bakin ruwa. Ana tsoron kada, ana kashe shi in an same shi, amma ba a kai shi gaban alƙali. Kafin a kira mutum mugu sai ya kasance hanya biyu ce a gabansa, yana ganinsu sarai, ya bar mai kyau ya bi ɗayar.

Gizo fa? Shi yana da zaɓi, yana kuma da niyyar cuta. Amma cutar Gizo ba ta wuce cikinsa ba, abinci yake nema, sau da yawa kuma ramin da ya gina shi yake faɗawa, shi ya sa yara ke yi masa dariya. Haka Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya fara labarinsa a Kwantagora maƙwabciyarmu. Shi da Alhaji Imam kar ta san kar ne, yau wannan ya ɗana wa wancan tarko, gobe wancan ya rama. Akwai wani abu a nan da nake so mai karatu ya riƙe, don za mu komo kansa. In aka jera abin da Alhaji ya yi wa Zurƙe da abin da Zurƙe ya yi wa Alhaji, da wuya a ce ga mai gaskiya. Abin da ya sa muke bayan Alhaji shi ne daga bakinsa muke jin labarin. Wanda aka fara jin kukansa shi ake tausaya wa.

Ma'auni na uku: cin amana

Abokina da ya zaɓi Waziri ya fi sauran biyun hujja. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya ɗaukaka wannan mutum, ya sa shi kusa da shi, ya ba shi asirin ƙasa. Da yaƙi ya tashi tsakaninsa da Sarkin Sinari, sai Waziri ya haɗa baki da abokan gaba saboda kwaɗayin gadon sarauta, ya shiga neman hanyar da za a fitar da Musa ɗan Sarki daga gida a halaka shi. Ba don aku ya riƙa tsare yaron da labarai dare bayan dare ba, da buƙatarsa ta biya. Irinsa ne fadawan nan na cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda hassada ta sa suka ƙulla wa Makau sharri a wurin sarki, alhali tare suke ci tare suke sha.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Abokin gaba na waje an san shi, an gina masa ganuwa. Maci amana kuwa da makamin da aka ba shi don tsaro yake sara, bayan haka kuma yakan bar mutane ba su iya yarda da kowa. Na yarda Waziri mugu ne ƙwarai. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, abin da yake so sarauta ce, mutuwar Musa tsani ce kawai, da zai sami gadon ba tare da ita ba da ya karɓa. Na biyu, da ya yi nasara, da Musa ya mutu yana yaron kirki, mutane suna yi masa addu'a. Waziri ran yaron ya nema, bai taɓa halinsa ba.

Abin da Abubakar ya yi

Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, yana cikin littattafan nan na farko da suka fito daga Zariya bayan gasar 1933. Ga wanda ya manta, Abubakar saurayi ne da ke son Zainabu, ita ma tana sonsa. Sai Malam Shehu, attajiri mai neman haihuwa, ya shiga tsakani da ƙarfin dukiya ya aure ta, ta haifa masa ɗa, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya bar gari, ya shiga duniya yana neman maganin da zai rama da shi, ya sha wahala iri iri har ya samu. To, a kan wa ya sauke? A kan Kyauta. Yaro ya lalace, ya zama ɓarawo, ya zama abin kunya ga iyayensa, daga ƙarshe ya kashe ubansa da hannunsa ba tare da ya san shi ne ba.

Mu ɗora wannan a kan ma'aunan da suka gabata. Wajen niyya, Abubakar ba sarauta yake nema ba, ba dukiya ba, ba ma Zainabu ba, don abin da ya yi ba zai komo masa da ita ba. Baƙin cikin Malam Shehu shi ne abin da yake so tsantsa. Wajen zaɓi, ba cikin zafin zuciya na dare ɗaya ya aikata ba. Ya daɗe yana tafiya, kowace safiya yana da damar ya juya, kowace safiya ya sake ɗaura niyya. Wajen wanda aka cuta kuwa, ya tsallake mai laifi ya kama wanda ba a ko haife shi ba sa'ad da aka yi laifin, wanda kuma ɗan matar da yake cewa yana so ne.

Amma babban abin shi ne irin cutar. Bai kashe Kyauta ba, ya mai da shi mugu. Wanda aka kashe an raba shi da kwanansa, sunansa na nan da kyau. Wanda aka ɓata wa hali an raba shi da mutuncinsa, an sa shi ya cuci waɗansu, sa'an nan an bar shi da rai yana ɗauke da jinin ubansa. Duk Musulmi ya san wanda ya fara wannan sana'a. Iblis da Annabi Adamu yake jayayya, yana ganin asalinsa na wuta ya fi na yumɓu, amma da ya nemi jinkiri, zuriyar ya sha alwashin ɓatarwa. Bai ɗauki takobi ba, hali yake ɓatawa.

Hujjar masu kare shi

Abokaina sun ce, to, ai Iblis ba wanda ya cuce shi, Abubakar kuwa an cuce shi da gaske. Wannan gaskiya ne. Malam Shehu azzalumi ne, ya ga ƙarfin aljihunsa ya taka talaka, kuma da bai yi haka ba da duk wannan bai faru ba. Yana da nasa kaso na alhaki, ba kuwa ƙarami ba. Sun kuma kawo maganar nan da ake yi, wai rama cuta ga macuci ibada ne. Na ce ko da mun karɓi maganar yadda take, ai ga macuci aka ce. Wace cuta Kyauta ya yi? Shari'ar da ta ba wanda aka zalunta haƙƙin ramuwa ita ce ta ƙayyade cewa kada a wuce gwargwado, kuma wani ba ya ɗaukar laifin wani. Zaluncin da aka yi wa Abubakar yana bayyana mana inda wutar ta taso, amma shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai ɗakin da yaro yake kwance.

A nan ne abin da na ce a riƙe game da Zurƙe yake da amfani. Littafin ya fara nuna mana hawayen Abubakar kafin ya nuna mana aikinsa, shi ya sa abokaina suka yi dariya da na ambace shi. Tausayin da suka ji a farkon littafi suka riƙe har ƙarshensa, ba su sake awo ba.

Kammalawa

Ba wanda ya taɓa karanta Magana Jari Ce ya ce a ransa, ni ne Waziri. Dodo da Gabbar kuwa sun yi mana nisa, zaginsu ba ya cin kowa kome. Amma Abubakar kowa na iya zama shi, don ba wanda ba a taɓa cuta ba. Malamin da wani ya tauye shi yana ɗalibi, yau ya sami ɗan wancan a ajinsa, yana tsaye a inda Abubakar ya tsaya. Haka kishiyar da ta huce haushin uwa a kan 'ya'ya, haka ɗan siyasar da ya sha kaye ya tara yaran unguwa ya ba su ƙwaya da adda. 'Yan bindigar da suka addabi Arewa maso Yamma su ma in an saurare su sukan ce an sace musu shanu, an kashe musu dangi. A cikin abin da suke faɗa akwai wanda ya faru, kuma wajibi ne hukuma ta bi wa kowa haƙƙinsa. Amma yarinyar da aka ɗauke daga makaranta a Birnin Yawuri ba ta saci saniyar kowa ba.

Don haka na zaɓi Abubakar, ina kuma roƙon 'yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da irin wannan gardama ta taso, bayan an gama lissafin wa ya kashe nawa, a ƙara tambaya biyu: a kan wa ya sauke fushinsa, kuma me ya mai da mutumin? Sa'an nan kowa ya yi wa kansa ta uku a ɓoye, watau in ni aka yi wa abin da aka yi masa, ina zan tsaya? Na san akwai malamai da ɗalibai da za su ce Waziri ne, ko Malam Shehu. Filin wannan mujalla a buɗe yake, ina sauraron hujjarsu a fitowa ta gaba.

Allah ya kiyashe mu da zalunci, ya kuma kiyashe mu da abin da zalunci ke haifarwa a zuciyar wanda aka zalunta, amin.